Maganar da Ƙanƙara Ta Danne

'Ya'yana, ku gyara zama, yau abin kunyata zan ba ku kuma ba zan rage komai ba. Wanda ya ga dama ya yi dariya, ni ma na yi wa kaina. Sunana Oddny, shekarata sittin da takwas, jikokina uku, gwiwata ta hagu tana gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ta faɗa. Da waɗannan shekarun nawa na yi kwana uku ina birkita taswira kamar 'yar sha bakwai, ina neman inda zan kai wani dattijo ya buɗe bakinsa.

Dattijon sunansa Eilif. Gidansa ne na huɗu daga nawa, mai fenti ruwan ɗorawa, daidai inda hanya ta karkata zuwa bakin ruwa. Kafinta ne da. Matarsa ta shekara tara da rasuwa, mijina Magne shekara shida. Idan kuka ci karo da Eilif a kanti, abin da za ku samu shi ne ya ɗaga gira ya ce "To." Na shekara arba'in ina karɓar wannan "to" ɗin. Amma ku aza masa jaka a baya ku sa shi a turba. Da zarar itatuwa sun ƙare, an fita sarari, iska ta bugi fuskarsa, sai harshen ya warware. Zai ba ka labarin uwarsa da awakinta, da sunan kowace ƙorama, da shekarar da tsawa ta kashe tumaki sha ɗaya a wuri ɗaya. Ana saukowa ƙauye kuma, sai ka rantse wani ne daban. Tun yana saurayi shi ke gyara alamomin turbar da ta hau zuwa Kvitebu, masaukin katakon nan da ke can sama, tafiyar yini guda. Ba wanda ke biyansa, kuma ba wanda ya isa ya hana shi.

Muna da ƙungiyarmu ta tsofaffi, duk Alhamis muke fita idan gari ya yi ɗumi. Bazara biyu ke nan ina lura duk inda gwiwata ta sa na rage sauri, shi ma sai igiyar takalminsa ta kwance. Kofi biyu yake sawa a jaka maimakon ɗaya. Sai a watan Satumba, ranar fitarmu ta ƙarshe, muna saukowa daga Kvitebu, farkon dusar ƙanƙara tana sauka a hankali kamar ana tankaɗe gari, ya tsaya ya juyo. Idonsa ba a kaina yake ba, a kan sandata yake.

"Akwai maganar da zan yi miki," ya ce. "Ba yau ba. In hanya ta buɗe a watan Yuni, a can sama."

Da wannan na ci sanyin bana. Duk tsawon watannin da rana ba ta leƙo kwarinmu, ina saƙa a gefen murhu ina juya maganar, in kalle ta ta nan, in kalle ta ta can. Wani lokaci in ce wa kaina, ke tsohuwa, wataƙila tsanin Magne yake so ki sayar masa.

Sai ga Janairu. Na fita ɗauko jarida daga akwatin wasiƙu, ƙasa ta daskare kamar gilashi, ƙafata ta tafi. Wuyan hannuna ya karye, ƙuguna ya ƙi ɗaga ni. Kusan awa guda ina kwance ina kallon sama, har na daina jin sanyin, barci mai daɗi yana ta kirana. Eilif ne ya tsince ni, zai tafi kanti. Ya cire rigarsa ya lulluɓe ni, ya kira motar asibiti, duk abin da ya ce shi ne kada in motsa.

Daga ranar 'yata Ingunn ba ta sake samun nutsuwa ba. A birnin Bergen take, awa uku a mota, ga aiki ga yara. Ba zan ɓata ta a wurinku ba, yarinyar kirki ce, tsoro ne ya shige ta ya ƙi fita. Ta samo mini ɗan gida a ƙasan bene, layi biyu daga nata, ɗaki biyu, babu matakala, daɓen yana ɗumama kansa. Saƙonninta suka riƙa shigowa kamar ɗigon famfo.

"Mama, kin duba hotunan?"

"Banɗakin har da ƙarfen riƙewa."

"Yara sun ce su za su yi miki fentin kicin."

Na duba hotunan. Tagar falon tana kallon wurin ajiye motoci. Tagar kicin ɗina a nan tana kallon ruwa, da dutsen da ke bayansa, da bishiyar tuffar da Magne ya dasa shekarar da aka haifi Ingunn, da kusurwar wani rufi mai fenti ruwan ɗorawa in na ɗan leƙa. Na riƙa cewa bari in yi tunani. A ƙarshe masu gidan suka ce Litinin ta uku a watan Yuni ko in sa hannu ko su ba wani. Na ce a raina ba komai, kafin nan hanya ta buɗe, na ji abin da zan ji.

Ashe dutse yana da nasa lissafin. Ruwan da muka sha a watan Mayu a nan ƙasa, a can sama ƙanƙara ce ta yi ta zuba. Yuni ya kama, tuffa ta yi fure har ta zubar, amma kan duwatsu fari fat kamar an shimfiɗa zanen gado. Aka sa sanarwa cewa turbar Kvitebu a rufe take, ba a ma iya kai gadojin da ake ɗorawa kan ƙoramu duk bazara ba. Wani yaro da ya hau da katakan sulu a kan ƙanƙara ya ɗauko hoto: duk masaukin babu abin da ake gani sai bututun hayaƙi. Aka ce sai tsakiyar Yuli, in an yi sa'a. Na haɗu da Eilif wajen madara a kanti, ya dubi taga ya ce bana ƙanƙara ta daɗe. Shi ke nan. Kuma ya san zancen Bergen, don a ƙauyenmu ko labule ka canza sai an sani.

Ranar Talata na share teburin kicin, na shimfiɗa tsohuwar taswirar Magne wadda duk ninkinta an liƙe da salatif, na sa tabarau, na cika filas da kofi. Abin da nake nema ba shi da yawa, amma haɗa shi ne wuya. Tafiya gajeriya, kwana ɗaya, wadda gwiwata za ta iya. Ƙasa da inda ƙanƙara ta tsaya. Kuma sarari, inda babu itatuwa, don na san mutumina, a cikin kurmi ko tari ba ya yi.

Na fara da turbar kwarin gabas, na kira wata ƙawata da ke can. Ta ce in ina son in yi iyo in zo, narkakkiyar ƙanƙara ta cika kogi har ya hau kan gada. Na duba wadda ta zagaya tafkin cikin kurmi, aka ce laka har gwiwa, ga sauro. Akwai wata da ta bi gefen dutse ta kudu, mai kyau, rana tana dukanta, amma a tsakiyarta akwai wani kwazazzabo da ƙanƙara ke kwanciya a ciki har Agusta, ruwa na gudu a ƙarƙashinta, mutum ya taka ya rufta. Yatsana ya yi ta yawo a kan takarda, yana hawa yana sauka, duk inda ya nufa sai ya tarar da fari.

Ranar Alhamis na yi abin da ban saba ba. Akwai zauren masu yawon dutse na yankinmu a waya, mutum dubu nawa ne oho, jikata ce ta sa ni ciki. Na rubuta cewa wata tsohuwa tana neman tafiyar kwana ɗaya inda babu ƙanƙara, babu laka, babu jama'a. Kafin in wanke kofina wata yarinya ta amsa. Ta ce in je tsibirin Utholm. Minti arba'in a jirgin fito, awa uku a ƙafa, sarari ne tun daga gaɓa, iskar teku ba ta barin ƙanƙara ta kwana. A ƙarshen tsibirin akwai tsohon gidan mai kula da hasumiyar fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, an mai da shi masauki, gado takwas. Ta ƙara da cewa ba kowa ya san shi ba.

Saƙon da na tura wa Eilif sau shida na rubuta ina gogewa. Abin da ya rage shi ne: "Asabar zan je Utholm. Kwana ɗaya." Na kifa wayar a kan tebur, na fita na yi ta cire ciyawar da ba ta yi mini laifin komai ba. Bayan awa biyu ta yi ƙara.

"Jirgin tara da kwata."

Can kuma: "Ni zan kawo kofi."

Ingunn kuwa na ce mata zan ɗan fita da 'yan Alhamis. Ƙarya ce, ko rabin ƙarya, tunda shi ma ɗan Alhamis ne. Ga shi na faɗa muku.

Safiyar Asabar gadona ya koma kasuwa. Na sa jar rigar ruwan da Ingunn ta saya mini, na dubi madubi, na ga kamar motar kashe gobara. Na cire. Na ɗauko shuɗiyar rigar ulun da mahaifiyata ta saƙa, mai maɓallan ƙarfe, wadda gwiwar hannunta na yi wa faci sau biyu. Ita ce ke fito da launin idona, Magne ya taɓa faɗa, sau ɗaya a shekara talatin da takwas. Na shafa jan baki, na goge, na sake ɗan taɓawa da yatsa. A jaka na sa yankan burodi huɗu da cukunmu mai ruwan ƙasa, na naɗe a takarda, da lemo biyu, da cakulan, da safar ulu, da zanen kwana, da 'yar shimfiɗar zama. Jar rigar ma na cusa ta a ƙasa, don kwalliya ba ta tare ruwa.

Muna isa tashar jirgi na ja na tsaya. Jakunkuna ne jere kamar za a tashi ƙaura. Samari, 'yan mata, iyaye da yara a goye, har da karnuka masu nasu 'yan jakunkunan. Duk wanda ƙanƙara ta koro daga dutse yana nan. Wata mata ta ce wa mijinta ai a zaure ta gani, wata tsohuwa ce ta tambaya aka ba ta amsa. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar takalmi. Ni da hannuna na tara su.

Tsibirin kuwa ba a yi masa ƙarya ba. Ƙasa mai laushi kamar katifa, ƙananan furanni ruwan hoda suna rawa a tsagar duwatsu, teku ta ko'ina, shuɗi a dama, azurfa a hagu. In ka waiwaya sai ka hangi duwatsunmu can nesa, farare, suna shawagi bisa ruwa kamar ba a ƙasa suke ba. Na ga kafaɗun Eilif sun fara sauka. Ya nuna mini wani tsuntsu mai jan baki ya faɗi sunansa. A wata 'yar ƙofar shingen tumaki ya tsaya, ya riƙe mini ita, ya yi gyaran murya.

"Oddny, tun watan Satumba..."

Sai ga mutum biyar sun ɓullo daga bayan dutse. Kun san halinmu. A gari maƙwabcinka ma sai ka duba ta taga ka ga ya shige kafin ka fito, amma a turba ba a wuce mutum. Dole a gaisa, a tambayi daga ina, a yi zancen gari. Ɗaya daga cikinsu ya gane shi, ya ce ai wannan ne mai alamomin Kvitebu. Shi ke nan, aka kewaye shi ana tambayar yaushe za a buɗe, ƙanƙarar ta kai mita nawa, gada fa. Sau uku yana fara magana a ranar, sau uku ana gaishe mu. A na ukun ma bai kai ga sunan watan ba.

Masaukin mai gado takwas, mu ashirin da uku muka kwana a cikinsa. Ba a korar kowa, haka abin yake tun kakanni. Aka sauko da katifu daga rufi aka shimfiɗa har ƙarƙashin tebur, safa ta rataya a kan murhu kamar kifin shanya. Yaran suka ba ni gado don furfurata. Eilif ya ce shi a ɗakin itace zai kwanta. Tun da muka isa ya ɗauki gatari, ya yi ta faskare har aka kira cin abinci, itacen da ya tara zai kai su baɗi. Ina zaune a bakin taga da kofi ina jin saran, kowane ɗaya kamar a ƙirjina. Na ce Oddny, kin ga abin da rawar kai ta jawo miki.

Da safe na fito na tarar babu duniya. Hazo ya taso daga teku ya shanye komai, hasumiyar ma sai gindinta. Na hau wani dutse da aka ce a nan ake samun sabis, wayar ta girgiza sau biyu.

"Gobe ne fa, Mama. Na ce musu za ki zo."

"Don Allah ki daina sa ni kwana da waya a hannu."

Na daɗe ina kallon na biyun. Na tuna ta tana 'yar shekara biyar, ranar da ta ɓace mini a kasuwar kifi, irin tsoron da ya kama ni ina gudu ina ƙwala mata kira. Abin da take ji ke nan kullum, tun Janairu. Na ce to, ya isa. Jirgin komawa ƙarfe huɗu ne, gobe in shiga mota in je in sa hannu. Maganar da ke can sama ta zauna a inda take.

Ina saukowa na tarar da mai kula da masaukin, wani tsoho ɗan tsibirin, ya tare Eilif a bakin ƙofa. Yana gaya masa akwai tsohuwar turba ta yamma, ita ma tana kaiwa tashar jirgi, ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma guguwar hunturu ta watsar da alamominta, shekara biyu yana roƙon a turo wanda ya iya. Ku ga fuskar Eilif, kamar an kunna fitila a ciki. Ya ce fenti ba zai kama jiƙaƙƙen dutse ba, amma zai iya jera duwatsu, kuma ranar hazo ita ce ranar aikin, don mai tafiya a irin wannan ranar ake yi wa alama. Sai dai aikin na mutum biyu ne. Ya faɗi haka yana kallon sandata.

Sauran jama'a duk suka bi hanyar jiya. Muka ji muryoyinsu suna raguwa, kare ya yi haushi sau ɗaya, shiru ya rufe.

Ga yadda ake yi. Shi zai tsaya a alamar ƙarshe, ni in bi sawun turbar a hankali, teku tana hannun damana. Idan na kusa ɓace masa sai ya ce in tsaya. Inda na tsaya nan sabuwar alama za ta zauna, don duk wanda ya tsaya a ɗaya ya hangi ta gaba. Ya sa na ciro jar rigar na sa, ya ce shuɗi da hazo 'yan uwa ne. Kwalliyata ta tafi a banza.

Na fara tafiya. Taku arba'in na ƙirga kafin muryarsa ta zo, a tausashe kamar ta ratso auduga.

"Tsaya."

Na tsaya. 'Ya'yana, ban san yadda zan kwatanta muku tsayuwar nan ba. Babu sama, babu ƙasa sai ɗan da'irar da ƙafata ke kai. Can ƙasa teku tana numfashi, ta ja ta saki. Wani wuri ƙararrawar tunkiya tana kaɗawa, ba ka san gabas take ko yamma ba. Raɓa ta taru a gashin idona. Na ji kamar shekaruna sun zube daga jikina sun bi hazon, ban san ko 'yar ashirin ce ni ko 'yar tamanin ba, abin da na sani kawai akwai mai zuwa. Sai ƙarar takalmi a kan tsakuwa, sai inuwa, sai inuwar ta yi kafaɗu, ta yi hula, ta zama Eilif. Ya durƙusa, ya zaɓi faffaɗan dutse ya kafa, ina miƙo masa ƙanana yana juya kowanne har ya sami yadda yake son zama. Ya miƙe, ya ɗaga gira, na ci gaba.

Hazon ya yi ta ƙaruwa. Taku arba'in ya koma ashirin da biyar. Muka ci burodi a tsaye, muka sha kofi, muka ci gaba. Ashirin da biyar ya koma sha biyu. Duk tsayawa yana isowa da wuri, duk isowa hannunsa yana ɗan daɗewa a kan dutsen da nake miƙa masa. Na daina tunanin Bergen, na daina tunanin jirgi. Da za a bar ni in yi ta tafiya ina tsayawa ana zuwa a same ni har ƙarshen kwanana, da ban nemi ƙari ba.

Sha biyu ya koma bakwai. Na tashi daga wata alama, na yi taku ɗaya, biyu, uku.

"Tsaya."

Na tsaya, na duba gabana. Iska ta ɗan motsa, ga tunkiya can da ɗanta suna kiwo, ina ganin har shuɗin fentin da ke bayanta, kuma ta kai taku talatin. Na juyo. Yana tsaye da dutse a hannu kamar wanda aka kama a rumbun wani.

"Eilif, ina ganin tunkiya a taku talatin. Idonka ne ya mutu, ko duwatsun tsibirin nan kake so ka ƙarar?"

Ya dubi tunkiyar, ya dubi dutsen, ya ajiye shi a hankali. Ya cire hula. Gashinsa ya jiƙe ya kwanta kamar na jariri.

"Ingunn tana da gaskiya," ya ce. "Ki tafi."

Na ji kamar na sake zamewa a bakin akwatin wasiƙu. Na tambaye shi ko maganar da ya sa na jira wata tara ke nan. Ya girgiza kai. Ya ce waccan daban ce, ya haddace ta tun kaka, yana maimaita ta in yana aske gemu. Amma a Janairu ya ajiye ta. Da ya ji ƙanƙara ta rufe hanya har daɗi ya ji, don ba sai ya hau can ya yi mini shiru ba.

"Ni na ɗaga ki, Oddny. Leɓɓanki sun yi shuɗi. Awa guda kina kwance, gida huɗu tsakaninmu, ina zaune ina shan kofi ina sauraron labarai. Wane baki gare ni da zan ce ki zauna?"

Ashe duk watannin nan da nake cewa ya manta, shi yana can yana ganin kyautata mini yake yi, kada ya takura mini, kada ya shiga tsakanina da 'yata. Ni kuma ina nan ina cewa kada in takura masa da tambaya. Haka muke, mu mutanen nan. Da sai mu mutu da ladabi, kowa a gidansa.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na taka taku ukun nan na koma.

"To ai ka faɗi matsalar da bakinka," na ce. "Gida huɗu ne ya yi yawa."

Kunnuwansa suka yi ja kamar rigata. Can ya ce rufin gidana yana yoyo ta gabas, ya daɗe da lura. Na ce nasa kuma warin fenti da man katako, mace ba za ta iya numfashi a ciki ba. Ya ce matakalar ƙofata dole a canza ta kafin hunturu, a sa mata ƙarfen riƙewa, akwatin wasiƙun kuma a dawo da shi jikin bango. Na ce ya ga dama. Na tambaye shi maganar da ya haddace fa, ba zan ji ta ba?

"Kin riga kin faɗe ta," ya ce. "Tawa ta fi tsawo ne kawai."

Ya kama hannuna, wanda ya karye ɗin, ya riƙe shi kamar ƙwai. Tafinsa sanyi ƙalau, duk ƙasa. Mun daɗe a haka. Sauran turbar dai mun gama ta da gaskiya, taku talatin talatin, kada wani ya ce mun ɓata wa mutane hanya.

Sai da muka hango rufin tashar jirgi sabis ya dawo. Na zauna a kan jakata na rubuta, wannan karon ban goge ko harafi ba: "Ingunn, 'yata, ba zan sa hannu ba. Kuma ba ni kaɗai zan yi hunturu mai zuwa ba. Ki yi haƙuri da uwarki, zan yi miki bayani." Na tura. Nan take alama ta nuna ta karanta. Ta fara rubutu, ta daina. Ta sake farawa, ta daina. Har jirgi ya tashi babu abin da ya shigo.

A tsakiyar ruwa hazon ya yaye kamar an ja labule. Ga duwatsunmu, har yanzu farare, rana tana zuba a kansu. Na dube su ban ji haushinsu ba. Eilif yana gefena a jikin ƙarfen jirgi, kafaɗarsa tana taɓa tawa, a gaban mutum ashirin da ɗaya da muka kwana da su, da karnukansu.

Jirgi ya karyo kwana, ƙauyenmu ya fito. Coci, kanti, jan ɗakin ajiye kwale-kwale. A bakin tashar kuma wata mota ruwan toka, an kwantar da kujerun bayanta, an cika ta da ninkakkun kwalaye har rufi. Ashe tun safe ta kamo hanya, ta zo ta taya ni haɗa kaya, ta tarar ba na nan, maƙwabta suka ce mata jirgi na shiga. Tana tsaye a jikin motar, hannuwa a harɗe, waya a ɗaya, tsayuwar ubanta sak. Ko daga nan ina ganin idonta ya yi ja.

Ƙofar jirgin ta fara sauka tana ƙara. Eilif ya gyara hularsa.

"Ni zan fara magana, ko ke?"

"Kai da magana a ƙasan dutse? Riƙe mini jakata."

Na miƙa masa, na gyara jar rigar da ita ta saya mini, na taka zuwa wurin 'yata.